Yadda Ake Haɗa Furen Biki Ya Jure Zafin Sakkwato

Kafin ki yarda a yi maganar launin anko, ki fara tambayar uwar amarya: "Hajiya, wane wata ne bikin, ƙarfe nawa amarya za ta shigo, kuma a ɗakin taro ne ko a tsakar gida ƙarƙashin rumfa?" Sauran shirin duk a kan amsar nan yake tsayawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, furen ros ɗin da kika ajiye a rumfa da azahar kafin la'asar ya sunkuyar da kai. Hunturu kuwa ba ya ƙuna, amma busasshiyar iskarsa tana tsotse ruwan fure, bakinsa ya koma ruwan ƙasa, ga ƙura. Damina ce kawai ke yi mana rangwame.

Hotunan da amare ke cirowa daga Instagram yawanci na ƙasashen sanyi ne. Mu kuwa ros mai rai daga Jos yake zuwa mana, ko daga gonakin Kenya na bakin tafkin Naibasha, ya sauka Legas ko Abuja sannan ya ƙaraso. Yana isowa a gajiye, ga tsada. Don haka nake raba aikin: abin da ke nesa da hannu, wato bangon bayan kujerar ango da amarya da ƙofar shiga, fulawar roba mai kyau ta ishe shi, babu mai zuwa ya shinshina. Mai rai kuma a bar shi ga hannun amarya da teburin da ke gabanta da na baƙi. Wasu iyayen biki suna jin kamar ragi ne a ce roba. Nuna musu kuɗin ros ɗin da zai rufe bango ɗaya, da kansu za su sauko.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda masu wannan sana'a ke raina abin da ke bayan gidansu. Ganyen itacen turare yana daɗewa, ko ya bushe bai rasa kyau ba, ga ƙamshi. Ganyen dabino ko kaba, idan kika datse bakinsa da almakashi ya yi siffar mafici, yana tsayawa ƙyam a bayan fure kwana da kwanaki. Bayan damina ki sa yara su yanko miki kyasuwa tun kanta bai fara zuba ba, ki ɗaure ta dami-dami ki rataye kai a ƙasa cikin inuwa, za ta yi miki aiki har bazara. Haka zangarniyar gero ƙanana, da reshen auduga da ta fashe, da karan soborodo da jajayen ƙoƙunansa a jiki, wanda jansa yake dacewa ƙwarai da anko mai ruwan zinariya. Dogonyaro ma yana yi, amma ki ɗauki ganyen da ya ƙosa, sabon toho nan da nan yake laushi. Idan kika dace da lokacin da lalle ke fure, ki sa shi a wajen kamu. Ƙamshinsa tsofaffin gida sun san shi, za ki ji suna tambayar wa ya kawo.

Biyu ne ban yarda su hau tebur ba, kariya da tumfafiya. Furen kariya kyakkyawa ne, amma ruwan jikinta dafi ne, haka farin ruwan tumfafiya, kuma wajen biki ba a rasa yara masu kai komai baki.

Ranar da fure ya iso, kada ki taɓa haɗi. Ki wanke bokiti tas, ki zuba ruwa mai sanyin randa. A kowace lita 1 nakan sa sukari cokalin shayi 1, ruwan lemun tsami cokalin shayi 2, da Hypo rabin cokalin shayi: sukarin abinci ne, tsamin yana taimaka wa kara ya ja ruwa, Hypo kuma yana kashe ƙwayoyin da ke toshe shi. Ki zage duk ganyen da zai nutse, ki yanke gindin kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi, kamar santimita 2 ko 3, ki jefa shi ruwa nan take kafin iska ta shiga. Ya kwana a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a yayyafa wa ƙasa ruwa, kada fanka ta buga shi kai tsaye. Kuma a raba shi da ayaba da mangwaro da tumatir nunannu, domin iskar da suke fitarwa tana sa fure tsufa da wuri. Firij ɗin gida ban cika so ba: can ciki ƙanƙara ta ƙona shi, a ɗauke wuta kuma ya yi gumi.

Furen hannun amarya shi ne inda ake gane gwana. Ki fara da cire ƙaya gaba ɗaya, don mayafi da leshi ba sa yafe wa ƙaya. Ki riƙe fure mafi kyau tsakanin babban yatsa da manuniya na hannun hagu, ki ɗora na biyu a kansa a gicciye, ki ɗan juya damin, ki ɗora na uku ta wannan fuskar dai. Duk karan su kwanta gefe guda. Da zarar kin sa ɗaya ya saɓa, sai su fara karya juna. Bayan kowane ros biyu ko uku ki sa ganye. Idan ya kai girman da kike so, ki ɗaure daidai inda yatsunki suke, ki daidaita gindin ya rage kamar taƙi ɗaya, ki mayar cikin ruwa. Ribon sai lokacin fita, bayan kin tsane karan da tawul.

Kada ya yi girma. Amaryarmu ta zauna awanni an zana mata lalle, mai hoto kuma hannun nan yake nema. Dami mai faɗin faranti zai rufe aikin mai lalle, ga nauyi. Ros 9 zuwa 12 da ganye sun isa. Farin ros shi ya fi saurin nuna tabo, in bazara ce ki lallashe ta zuwa ruwan hoda ko ja. Kada kuma launin ya zama na kayanta sak, zai ɓace a hoto.

Na tebur ba ya son wahala. Tsawonsa kada ya wuce santimita 30, don mutane su ga juna su ga amarya, kuma ki tuna faranti da kwalaben lemo za su cika wurin. Mazubi ki nemi mai araha, ƙwarya ko 'yar tukunyar ƙasa, saboda in an tashi akwai hajiyoyin da ke wucewa da shi cikin mayafi, ba kuwa za ki tare su a ƙofa ba. Ki yanke gindin gorar ruwa ki zaunar a ciki don kada ya yi yoyo, ki gitta salatif a bakin ya yi gida-gida, ki soka karan a ciki. Idan koren soson fure za ki sa, wato wanda ke riƙe ruwa ana soka karan a jikinsa, ki ɗora shi a kan ruwa ya nutse da kansa. In kika danna shi, cikinsa a bushe zai zauna. Ganye tukuna, sai manyan fure 3 ko 5, sai ƙanana su cike gurbi. Ki zauna a kujera ki duba, ki juya shi ki sake dubawa.

Haɗin duk a yi shi bayan asuba. Ɗauka kuwa a mota mai sanyi, bokiti a ƙasan kujera, ba a but ba. Ki tabbatar an tayar da janareta ɗakin ya yi sanyi kafin ki shigar da mai rai, roba da busassun kaya su riga shi hawa. Dina a garin nan ba ta cika farawa a lokacin da ke jikin kati ba, saboda haka ki bar yarinya ɗaya da bokiti da abin fesa ruwa, ki ce mata kada ta fito da furen hannu sai ta ga motar amarya ta tsaya.