Yadda gida zai riƙe Fada da Sista, su ma su riƙe gida

Duk Lahadi ta huɗu ta lokacin Ista mu Katolika muna addu'ar kira, wato kiran Allah ga mutum ya zama Fada (firist) ko Sista, Lahadin Makiyayi Mai Kyau kenan, tun 1964 Paparoma Paul na shida ya fara ta. Mu ɗaga murya mu ce Ubangiji ƙaro mana su Fada da sistoci, amma ranar da ɗan cikinka ya ce Baba ina so in tafi seminari, makarantar horar da firistoci, sai ka ga gaban mutum ya faɗi. Ni uba ne a nan Jos, ga abin da na ga yana aiki.

Fara daga tabarmar falo. Ko "A gaishe ki Maryamu" goma na addu'ar rosari ne ku yi tare kafin barci ya kwashe yara, kuma kai maigida ka durƙusa su gan ka, kar a bar wa uwa ita kaɗai wai ai ita ce 'yar Zumunta, ƙungiyar matan coci. Majalisar Vatican ta biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta kira iyali cocin cikin gida. Dubi Louis da Zelie Martin, 'ya'yansu mata biyar da suka rayu duk sun zama sistoci, har da Teresa ta Lisieux, su kuma iyayen aka sa su cikin tsarkaka tare a 2015, da aurensu suka kai can fa.

In yaro ya furta, kar ka tura shi kar ka tare shi, kai shi wajen Fadan cocinku zai haɗa ku da mai kula da kira na dayosis. Akwai ƙaramar seminari ta St. John Vianney a Barkin Ladi, babbar kuma St. Augustine tana nan Laranto, falsafa da tauhidi sai sun ci kusan shekara takwas, kuma dokar coci ba ta yarda a naɗa firist kafin shekara 25 ba. In mace ce ga sistocin Fatima da aka kafa a nan Jos, ga na OLA (Our Lady of Apostles), ta je ta zauna da su ta ga rayuwar da idonta kafin a kai ga alkawarin talauci da tsarki da biyayya.

Inda muke yawan kuskure kuwa shi ne wanda ya dawo. Na ga wani yaron unguwarmu ya sauko daga keke da akwatin ƙarfensa bayan shekara biyar a seminari, da sanyin Disamba, uwarsa ta yi wata guda ba ta zuwa Mas ɗin safe saboda bakin mutane, har a harabar coci ana nuna shi da baki. Wannan abu ya dame ni ƙwarai. Seminari ai wurin tantance kira ne, wanda ya gane nasa aure ne ya fito bai yi laifin komai ba. Ku tare shi da abinci mai zafi, ku taya shi neman makaranta ko aiki, tambayoyin su jira tukuna. Yau yaron nan na unguwarmu shi ne ke koyar da katikisim ran Asabar, da 'ya'yansa biyu.

Wanda aka naɗa kuma kar dangi su mai da shi banki, kuɗin makarantar ƙanne da na asibiti duk a kansa. Sista ma duk abin da ta samu na ƙungiyarsu ne.

Ku gayyaci Fada cin abinci, ba sai da biki ba. Bayan Mas ɗin ƙarshe kowa ya kwashi iyalinsa ya tafi, shi ya koma gidan Fada shiru. Gwate ko tuwon acha ya isa, ya zauna ya ji kukan jariri da lissafin cefane, za ku ji bambanci a wa'azinsa kan aure.

Ku ma ku mori nasu kiran. In rigima ta fara tsakaninka da madam ku je ofishin Fada tun tana ƙarama, kar a jira sai an tattara kaya an tafi gida. In tsoho ya kwanta ciwo a kira Fada ya shafa masa mai tun yana iya amsa amin, lambarsa ta kasance a wayar kowa a gidan.