Daga layin ƙasa zuwa 4G: yadda ake haɗa intanet mai ƙarfi a ƙauye

Intanet ɗin da ke biyo layin tarho na ƙasa, wanda ake kira ADSL, nisa ne ke kashe shi. A kan wayar jan ƙarfe yake tafiya, kuma duk mitar da aka ƙara ƙarfinsa raguwa yake yi. Wanda ke kusa da cibiyar tarho yana iya samun abin da ya kai megabit 24 a daƙiƙa, amma wanda ke kilomita 5 da wuya ya ga megabit 2, ɗora abu kuwa bai cika wuce megabit 1 ba ko a ina mutum yake. Ga ruwan damina da ke shiga mahaɗar wayoyi ya kawo tsatsa. Ma'aikaci na iya gyara mahaɗa, amma nisa ba shi da gyara.

Har yanzu akwai ofisoshi da asibitoci da makarantu da ke kan irin wannan layi a Nijar, inda Niger Telecom ta gaji layukan Sonitel, da Kamaru inda Camtel ke riƙe da su. A Najeriya layukan NITEL sun daɗe da mutuwa tun bayan shigowar GSM a 2001, don haka galibin masu neman canji daga kunna intanet ɗin wayar hannu ko ƙaramin MiFi suke tasowa. Matakan duk ɗaya ne.

Kada ka fara da sayen kaya, fara da awo

Sandunan sabis da ke saman fuskar waya ba abin dogaro ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Lambobi biyu kake buƙata: RSRP, wato ƙarfin siginar da ke isowa, da SINR, wato tsabtarta daga hayaniyar sauran sigina. A yawancin wayoyin Samsung ana ganinsu da *#0011#, a iPhone da *3001#12345#*, a wasu wayoyin Android kuma da *#*#4636#*#*. In lambar ta ƙi, manhajar Network Cell Info Lite tana nuna su.

Lambar RSRP da alamar ragi take zuwa, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau. Daga -80 zuwa -90 lafiya lau, daga -90 zuwa -100 za a yi aiki, daga -100 zuwa -110 sai da eriyar waje, ƙasa da haka kuwa layin zai riƙa yankewa. SINR in ya haura 13 madalla, in yana ƙasa da 5 gudu ba zai yi armashi ba ko da RSRP ya yi kyau. A nan mutane da yawa ke ruɗewa: sabis a cike, intanet kuwa ba ya motsi.

Ari layin kowane kamfani da ke kamawa a yankin, ka auna a wuri huɗu: tsakar ɗaki, bakin taga, tsakar gida, da saman tsani a tsayin rufi. Rubuta lambobin a takarda. Bambancin da ke tsakanin cikin ɗaki da saman rufi shi zai gaya maka ko eriyar waje za ta biya kuɗinta. Rufin kwano yana mayar da sigina baya, katangar laka mai kauri da bulon siminti suna shanye ta, ganyen mangwaro da darbejiya ma suna rage ta, musamman da damina in sun cika sun jiƙe. Wanda ya yi awo da rani ya bar wa damina rara.

Sai gwajin gudu da Speedtest ko fast.com, sau uku a rana: da asuba, da azahar, da kuma tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare. Na daren shi ne na gaskiya. Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake, ruwan ɗaya ne, masu ɗiba ne ke ƙaruwa. In da asuba ka sami megabit 30, da dare ya koma 2, alhali RSRP bai canza ba, cunkoso ne, kuma ƙarin ƙarfin eriya ba zai yi maganinsa ba sai dai canza kamfani, ko fuskantar wani ƙarfen sabis, ko canza zango, wato layin iskar da ake watsa siginar a kai. In garin na cin kasuwar mako, a gwada ranar kasuwa ma.

Wace rauta

Kowane kamfani yana watsa 4G a kan zangon da aka ba shi, kuma a jikin kwalin rauta, wato na'urar da ake sa wa layi ta raba intanet ta Wi-Fi, ana rubuta su da B da lamba. Waɗanda suka shafe mu su ne B28 mai megahaz 700, B20 mai 800, B3 mai 1800, da B7 mai 2600. A Najeriya Glo na amfani da 700, MTN na da 800 da 2600, Airtel na kan 1800 da 2600. Ƙananan zanguna, 700 da 800, sun fi tafiya nesa da ratsa bango, shi ya sa su ne ke kaiwa ƙauye. Manyan sun fi faɗi da gudu, amma ba sa nisa. Rautar da ba ta da B20 ko B28 ba ta ƙauye ba ce, komai arharta. A yi hattara da na hannu da ake shigowa da su daga Amurka, zangunan can daban ne, sai ka sa layi ta koma 3G ko ta ƙi kamawa gaba ɗaya.

Duba rukuninta kuma. Cat4 iyakarta megabit 150 a takarda kuma zango ɗaya take kamawa a lokaci guda. Cat6 zuwa sama tana haɗa zango biyu ta yi amfani da su tare, wanda a wurin da ake da cunkoso yakan kawo bambanci na gaske. Rautar 5G kuwa, kada a kashe kuɗi a kanta don ƙauye tukuna. MTN ta fara 5G a 2022, Airtel a 2023, a zangon megahaz 3500 wanda ba ya nisa, kuma a manyan birane aka fi girka shi.

Abu biyu da za ka tabbatar kafin ka biya: akwai ramuka biyu na eriyar waje a bayanta, irin SMA masu zare ko TS9 na turawa, kuma ba a kulle take da layin kamfani ɗaya ba. Waɗanda kamfanonin sadarwa ke sayarwa da rahusa galibi a kulle suke. Ba laifi ba ne in awonka ya nuna kamfanin shi ne gwani a wurin, amma ranar da ƙarfensu ya tsaya ba ka da mafita. Sa layin wani kamfani a gaban mai shago ka gani da idonka.

Eriya da igiyarta

Nan ne ake yin asarar kuɗi. Mutum ya sayi eriya mai kyau, ya haɗa ta da doguwar igiya mara kyau, abin da eriyar ta tara igiyar ta zubar. Ga lissafin: da dB ake auna ƙaruwa ko raguwar sigina, kuma duk 3 dB da aka rasa rabin ƙarfin sigina ne. Igiyar RG58, wadda aka fi samu a kasuwa, tana cin kusan 7 dB a mita 10 a zangon 1800. In eriyarka tana ƙara 10 dB, saura 3 kacal. Igiyar LMR-400 mai kauri a wannan tsayin kusan 2 dB take ci. Igiyar dish ko ta talabijin kuma ba ta dace ba, ita om 75 ce, kayan 4G om 50 suke so.

Saboda haka a gajarta igiya, kada ta wuce mita 5 in RG58 ce. A matsar da rautar kusa da eriya, sannan a ja kebul ɗin intanet na Cat6 zuwa inda ake aiki, domin shi yana kai mita 100 ba tare da asara ba. Mafi kyau ma ita ce rautar waje wadda eriya da layin suke cikin akwati ɗaya a saman turke, irin su MikroTik SXT LTE ko LHG LTE. Kebul ɗaya ne ke hawa, shi ke kai mata wuta ya sauko da intanet. Ta fi tsada, amma ga makaranta ko asibitin da ke nesa da ƙarfen sabis ita muke ba da shawara.

4G da hanyoyi biyu yake aiki a tare, don haka a nemi eriya mai igiya biyu, a cike ramukan rauta duka. Igiya ɗaya za ta kama, amma gudun yakan ragu sosai. In ƙarfen sabis yana kusa, eriya mai faɗi kamar faranti ta isa. In yana da nisa, a nemi mai tsini wadda ke kallon gefe ɗaya. Eriyar da ke kama ko'ina ba ta cika amfani a ƙauye ba, hayaniya take tarowa tare da siginar.

Saita ta aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana juyawa, ɗaya yana ƙasa ya buɗe shafin rauta a waya, wanda a Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, a ZTE kuma 192.168.0.1. A juya kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, a jira rabin minti lambobi su zauna, a karanta. SINR ake bi, ba RSRP ba. Wani lokaci kauce wa ƙarfen da ya fi kusa a fuskanci na nesa ya fi ba da gudu, don na nesan ba shi da jama'a. In rautar na ba da damar kulle zango, a gwada kowanne shi kaɗai: sau da yawa B3 mai RSRP -105 yakan fi B20 mai -92 gudu da dare, saboda wayoyin ƙauyen duka a kan B20 suke.

Turken ya zama bututun ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi da waya ta gefe uku, nesa da wayar lantarki. A naɗe kowace mahaɗa da tef ɗin roba mai haɗewa da kansa, a kuma lanƙwasa igiyar ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Sannan a ja waya mai kauri daga turken zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai danshi, a sa na'urar kare tsawa a kan kebul ɗin. Ƙarfe mafi tsayi a unguwa shi aradu ke fara nema, kuma wannan ba wurin tsimi ba ne.

Na'urar ƙara sabis da ake tallatawa a kasuwa, wadda ke sake watsa sigina a cikin gida, a bar ta. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta hana amfani da ita ba da izini ba, don tana dagula sabis ɗin maƙwabta.

Wuta da zafi

Rautar gida yawanci bolt 12 take sha, wat 5 zuwa 10. In aka ɗauki wat 8, awa 24 ya kama kusan wat-awa 200. Batir mai bolt 12 da 40Ah yana ɗauke da 480, kuma rabinsa kawai ya kamata a sha in na ruwa ne, ka ga ya isa kwana ɗaya. Farantin sola na wat 100 zai cika shi. Kada a haɗa rauta kai tsaye da batirin da ke kan caji, don yakan haura bolt 14, a sa ƙaramar na'urar daidaita wuta a tsakani. Kada kuma a rataye ta dab da kwano. In ka ga tana kashe kanta tana tashi da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ne, a sauko da ita inda iska ke bi, a kuma riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukanta.

Data, da abin da layin ƙasa ke yi a ɓoye

Layin ƙasa galibi ba ya ƙirga abin da aka sha, na hannu yana ƙirgawa. Bidiyo mai matsakaicin kyau, 720p, yana cin kusan gigabait 1 a awa, saboda haka gidan da ke kallon awa biyu kullum ya sha 60 a wata tun kafin a yi wani aiki. A kwamfuta mai Windows a shiga saitin Wi-Fi a nuna mata cewa datar a ƙirge take, in ba haka ba sabunta kanta kaɗai zai cinye rabin kuɗin wata. Wayoyi ma da zarar sun ga Wi-Fi sai su fara kwashe hotuna suna ɗorawa. Tsarin da aka ce ba shi da iyaka, a karanta ƙa'idarsa, galibi akwai adadin da in an kai ake rage gudu. A Najeriya *312# ne na sayen data a kowane layi, *323# na duba saura, kuma layin rautar ma sai an haɗa shi da NIN, in ba haka ba a rufe shi yana can saman turke.

A canza kalmar sirrin Wi-Fi da ta shafin rauta tun ranar farko. Wadda ke rubuce a gindinta duk yaron da ya ɗaga ta ya gani.

Mazauna bakin iyaka, irin su Jibiya, Illela da Maigatari, ko Birnin Ƙonni da Ɗan Issa a ɗaya ɓangaren, su kashe yawon layi a cikin rautar su zaɓi kamfaninsu da hannu. Eriya mai tsayi tana iya kamo ƙarfen ƙasar maƙwabta, kuɗi ya tafi a farashin ƙetare.

Kada a yanke tsohon layin nan take. A bar su tare na wata guda, a mayar da komai kan sabon, a ga abin da zai ƙi. Wanda ya fi yawan ƙi shi ne kyamarar tsaro da ake kallo daga nesa, domin kamfanonin wayar hannu suna raba adireshin intanet ɗaya ga mutane da yawa, don haka buɗe wa kyamarar ƙofa a rauta don a iso gare ta daga waje ba ya aiki. Maganinsa a koma kallo ta manhajar kamfanin kyamarar, ko a nemi tsayayyen adireshi a tsarin 'yan kasuwa. A duba kuma ko lambar tarhon ofis tana kan takardu da allon ƙofa, da ko yarjejeniyar tsohon layin tana da tarar fita kafin wa'adi. A ajiye layi na biyu na wani kamfani da 'yar data a ciki, saboda ranar da man janaretan ƙarfen sabis ya ƙare ko masu aikin hanya suka tsinke kebul. In kuwa an hau mita 6 an juya ko'ina RSRP bai fi -115 ba a kowane layi, 4G ba zai yi a wurin ba, sai a duba na tauraron ɗan'adam irin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023.