Lasifika mai tantani: ɓarnar da na gaji da gani a Damagaram

Masu lasifikar elektirostatik, wato mai tantani, a Damagaram ba su taka kara sun karya ba. Galibi ko dai wani ya dawo da ita daga zaman Turai, ko an tsinto ta cikin kayan gwanjon da ke shigowa ta Kano ko Kwatano, mai sayarwar ma bai san abin da yake riƙe da shi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne duk wanda ta shiga hannunsa sai ya bi sawun na gabansa, ya yi ɓarna iri ɗaya, sannan a loda ta a adaidaita a kawo mini shago ana cewa kayan ba su da ƙwari.

Lasifikar da muka saba da ita akwati ce, da maganaɗisu da naɗin waya a ciki suna tura kwanon takarda gaba da baya. Mai tantani kuwa ba ta da maganaɗisu. Tantani ne na leda, wanda a na kamfanin MartinLogan kaurinsa mikron 12 ne kacal, wato kashi 12 cikin dubu na milimita ɗaya, aka ɗame shi tsakanin farantai biyu masu huji-huji. Ana ɗora wa tantanin cajin wuta na dubban volt, shi ya sa kowace lasifika take da wayarta da ake jonawa a bango. Sautin da ya fito daga amfilifaya kuma sai tiransifoma ta ɗaga shi ta kai wa farantan, ɗaya ya ja tantanin, ɗayan ya tura. Da yake tantanin ba shi da nauyi, bin sauti yake nan take. Goge, gurmi, muryar makaranci, duk za ka ji su tangaram, har jan numfashi. Tun 1957 Peter Walker na kamfanin Quad a Ingila ya fitar da tasa kasuwa, a 1981 kamfanin ya biyo da sabuwar ƙira mai suna ESL-63, amma har yau ko a Turai tsiraru ne ke ajiye ta. Abubuwan da suka hana ta yaɗuwa can su ne ke kashe ta nan, sai dai namu sun fi tsanani.

Mafi muni shi ne haɗa ta da duk amfilifayar da aka samu. Mutum ya kashe kuɗi a kan lasifika, sai ya aika yaro Kasuwar Dole ya sayo masa irin wadda masu kiɗan biki ke amfani da ita, wai an rubuta dubban wat a jikin kwalin. Rubutun kwali ba ya kiɗa. Lasifika mai tantani kondansa ce, wato abin da ke riƙe cajin wuta, a wurin amfilifaya: gwargwadon yadda sauti ya yi siriri, gwargwadon yadda turjiyarta take faɗuwa. Wadda aka rubuta mata om 4, wato ma'aunin turjiya, tana iya sauka zuwa om 1 ko ƙasa da haka a can ƙarshen siririn sauti. Amfilifaya mai ƙaramar tiransifoma sai ta ɗauki zafi, sauti ya yi kaushi, ta riƙa kashe kanta, wata rana ta ƙone. ESL-63 ma tana da wata kariya da ke haɗe wayoyin shigarta idan an matsa mata, ita ta tsira, amfilifayar da ba ta iya jure haka ta tafi.

Tsohuwar Quad ta 1957 kuwa akasin haka ne ke kashe ta. An yi ta a zamanin da amfilifayar kamfanin, Quad II, wat 15 take bayarwa. Ka ba ta fiye da ƙima, wuta ta yi tsalle daga faranti zuwa faranti, ta huda tantanin. Wannan ramin na taɓa faɗawa cikinsa da kayan wani. An kawo mini guda biyu in duba, na bar su a shago na tafi Juma'a ban gargaɗi yarona ba. Ina dawowa ya tare ni da murna: "Maigida, ai suna yi, na gwada su da babbar amfilifayar can." Ƙaurin da ke tashi a shagon ya riga ya ba ni labari. Tantanin siririn sauti na ɗaya ya huje, babu mai irinsa a garin nan, sai daga Turai aka yi odarsa, daga aljihuna, aka kwashe watanni Alhajin da ke da su yana aiko direbansa tambaya. Tun daga nan ba na barin irin wannan lasifika kusa da amfilifayar da ban yarda da ita ba, ko da a kashe take. Ni dai ƙa'idata: in ga mai ƙera amfilifayar ya faɗi ƙarfinta a om 8 da om 4, ƙarfin ya kusa ninkawa, kuma ya yarda tana ɗaukar om 2. Sannan in ɗaga ta da hannu. In ba ta da nauyi kuma ba sananniyar ƙira ba ce, ba na ɓata lokacina. Wasu za su ce na zamani marasa nauyi ma akwai nagari, gaskiya ne, amma ba su ne ke cika kasuwarmu ba.

Sai iskar ɗaki, wadda ita ce ainihin makashin lasifikar nan a ƙasarmu. Kowa ya tuna yadda gilashin tsohuwar talabijin ke kama ƙura ko an goge shi da safe. Tantani mai cajin dubban volt haka yake jan duk abin da ke yawo a iska. Hunturu ya zo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ta kwanta a kansa shiru, ba ka jin komai. Sai damina ta faɗi, a Yuli ko Agusta ƙurar ta sha laima ta zama hanyar da caji ke zurarewa. Daga nan sauti ya ragu, gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, a fara jin ƙas-ƙas ko ba a kunna komai ba. Mai ita ya ce amfilifaya ce, ya ƙara murɗawa, ya ƙarasa ta.

Kuma da hannunmu muke ƙara mata ciwo. Haba jama'a! Wa ya ce a kafa fanka mai ruwa tana hura lasifika kai tsaye don ana zafin Afrilu? Laima da ƙura kake ɗura mata a tare. Wa ya ce a ajiye kaskon turaren wuta a gindinta? Hayaƙin turare yana da maiƙo, in ya manne ba ya fita. Na san ba ka isa ka hana uwargida turara falonta ba, to ka roƙe ta a cire wayar bango a lulluɓe lasifikar kafin a sa garwashi. Maganin sauro na feshi ma haka. Na ga wanda ya kai tasa wurin mai faci aka hure ta da injin iska, na ga wanda ya sa tsumma mai ruwa. Na ga wanda ya buɗe Quad ya tarar da siririyar ledar da ke tare ƙura, ya yage ta wai an manta ba a cire ba. Ledar nan ita ke tsakanin tantanin da ƙwarin damina.

Ni abin da nake yi: in ba a saurare, zanen auduga a kai, waya a cire. A hunturu kowane mako biyu nakan bar ta ta kwana ba wuta don cajin ya sauka, da safe in bi fuskarta da injin zuƙar ƙura a hankali. Wannan na marasa ledar kariya ne, irin MartinLogan da kake hango bango ta cikinsu. Mai ledar kariya goge waje ya ishe ta.

Kada a jingina ta da bango: gaba da baya take fitar da sauti daidai wa daida, tana buƙatar kamar mita 1 a bayanta, da labule mai kauri in bangon siminti ne. A duba bayanta kafin a jona, wadda aka yi don Amurka volt 120 take ci, tamu wutar 220 ce. Kada a ajiye ta inda rana ke dukanta ta taga. Kada kuma a sa hannu ciki don an cire waya, a tsohuwar Quad cajin yana kaiwa volt 6,000.

Akwai masu zuwa da ƙorafin ba ta dukan ƙirji. Ba ta lalace ba, halinta ke nan. Sautin gaba da na baya suna cinye juna a ƙasa-ƙasa, tantanin kuma ba shi da filin motsi mai yawa, shi ya sa MartinLogan ke haɗa yawancin nasu da akwati mai maganaɗisu a gindi. Mai son gidan ya girgiza ranar suna ya sayi akwati, ba abin kunya ba ne, ya ma huta.

Wani abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne siririn sautinta miƙewa yake, ba ya bazuwa. Kujera ɗaya ce a ɗaki ke jin daɗinta, wadda ke tsakiya, nisanta da lasifikan biyu daidai. Falonmu kuwa kujeru jikin bango suke zagaye, baƙi na shiga suna fita, ana gaisawa. Na taɓa ce wa wani dattijo, "Ranka ya daɗe, kai kaɗai za ka ji ta, sauran sai dai su gan ta." Ya yi dariya ya fasa sayen. Wanda sautin kawai yake so, kamfanin Stax na Japan tun 1960 yake yin irinta ta sawa a kunne, ba ruwanta da bango, kuma in an gama a mayar da ita akwatinta ƙura ba ta gan ta ba.

In kuwa ta gwanjo za ka saya, kada ka biya sai an jona duka biyun an bar su sun ɗauki caji. Ka sa murya ɗaya tilo ka zauna tsakiya: in muryar ta karkata gefe, tantani ɗaya ya gaji. Ka kashe fitila ka ɗan ƙara sauti, in ka ga tartsatsi shuɗi a cikin farantan, ka cire kuɗin sabon tantani da na jigilarsa daga farashin, ko ka bar masa kayansa.