Babi na Bakwai: Makeron Dabba da Cututtukan da Allura Ba Ta Kashewa

Darasi na 1: Duba kafin ka tafi kemis

Ƙwayoyin cuta ba iri ɗaya ba ne. Uku za mu riƙe. Akwai bakteriya, ita ce allurar LA, wato allurar dabbobi mai daɗewa tana aiki a jiki, ke kashewa. Akwai fangas, dangin funfunar da ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu. Akwai kuma bairos. Allurar LA ba ta taɓa fangas, ba ta taɓa bairos. Ku faɗa tare da ni, sau biyu.

Fangas ne ke kawo makero. Ya fi kama maruƙa, a gefen ido, da kunne, da wuya. Gashi ya zube a zagaye, wurin ya yi ɓawo fari-fari mai ruwan toka, kuma ba ya cika sa susa. In gashin baya ya dunƙule da damina, wataƙila kirci ne. In dabba tana ta goga jiki a bango, wataƙila kazuwa ce. Kowanne da maganinsa. In ka rikice, kira malamin dabbobi. Tambaya ba abin kunya ba ce.

Darasi na 2: Yadda ake shafa maganin makero

Ka tanadi ruwan ɗumi, da sabulu, da buroshi, da safar hannu ko leda, da takarda, da ruwan aidin, wannan mai ruwan ƙasa-ƙasa. Akwai kuma man shafawa, a jikin kwalinsa an rubuta Clotrimazole. Harafin farko C ne, na biyu L. Kwafi sunan a littafinka, ka nuna wa mai kemis. Nemi haruffa uku, EXP. Lambar da ke gabansu ita ce wata da shekarar da maganin zai lalace. In an rubuta 03/2024, watan Maris na 2024 ke nan, ya wuce, mayar masa da kayansa. Duba lambar NAFDAC ma.

Ware marar lafiyar daga garke. Sa safar hannu, domin makero yana kama mutum, musamman yara.

Yanzu ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Sai an cire ɓawon kafin a shafa magani. Jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu, ka ɗan jira ya yi laushi. Goge da buroshi a hankali, ɓawon ya zuba a kan takardar da ka shimfiɗa. Kada ka kankare har jini ya fito. Bari wurin ya bushe, sannan ka shafa magani, ka zarce bakin zagayen kaɗan, domin ta baki cutar ke ci gaba. Kada aidin ya shiga ido.

Me ya sa sai an cire ɓawon? Cutar tana ƙarƙashinsa, a fata da gindin gashi. Ka shafa a kan ɓawo, ɓawon ne ya sha kuɗinka. Mu sake: jiƙa, goge, bushe, shafa. Rufe littafin ka faɗa da ka. Ka manta na biyu? Ba komai, kowa haka ya fara. Jiƙa, goge, bushe, shafa. Madalla.

Gobe in sabon ɓawo ya taru, a sake jiƙawa, a sake gogewa. Haka kullum, har sabon gashi ya fara tsiro, ko iyakar kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa. Yakan ɗauki makonni.

Amma jama'a, don Allah! Sau nawa za a faɗa? Mutum ya zo aji ya amsa da “to, Malam”, ya koma gida ya lafta magani a kan ɓawo, kwana uku ya daina, ya ce jabu aka sayar masa. Wani kuma ya shafa baƙin man inji, ya ƙona fatar maraƙin. Wannan ba rashin karatu ba ne, ƙiwuya ce. Cire ɓawon!

Ƙona takardar da ɓawon. Wanke igiya da turke da buroshi, a shanya a rana, domin ƙwayar cutar tana yin watanni a jikin itace. Ƙwayar Griseofulvin da ake ba mutane, kada ka ba dabba da kanka, tana illa ga mai ciki.

Darasi na 3: Cututtukan bairos

Boru a shanu, PPR mai sa majina da zawo a awaki da tumaki, fakat a kaji, haukan kare. Babu allura a kasuwa da ke kashe su. Rigakafi ake yi tun dabba tana da lafiya, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin da yawa daga ciki. Da rigakafi aka kawar da cutar shanu da ake kira bushiya daga duniya, aka bayyana haka a 2011.

Saniya mai boru, a ware ta, a wanke bakinta da ruwan gishiri, a ba ta abinci mai laushi. In likita ya yi mata LA, don kada gyambon ya ruɓe ne.

Darasi na 4: Kaji

Rigakafin fakat mai suna I-2, ɗigo ɗaya a ido. Kada ya sha rana. In kaji suna mutuwa da yawa lokaci guda, kada a ci, kada a sayar, a sanar da ofishin dabbobi.

Aikin gida: rubuta matakai huɗu na Darasi na 2.