Kurakuran da aka fi yi wajen kare fakarar kurmin Udzungwa

A shekarar 1991 wasu masana tsuntsaye 'yan ƙasar Denmak da ke aiki a tsaunukan Udzungwa na Tanzaniya suka ga ƙafafun wani tsuntsu a tukunyar miyar sansaninsu, ƙafafun da ba su yi kama da na kowace fakara da suka sani ba. Da aka kama wani a tarko aka duba, sai ga jinsin da ba a taɓa rubutawa ba. A 1994 aka raɗa masa suna Xenoperdix udzungwensis. Tsawonsa kimanin santimita 29, bakinsa ja, ƙafafunsa rawaya, ƙirjinsa toka-toka da ɗigon baƙi. Yana cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa na IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu.

Kuskure na farko daga sunan yake farawa. Muna ce masa fakara don ba mu da wani suna, amma ba ɗan'uwan fakarar da ke tashi firr daga gonar dawa ba ne. Danginsa na kusa suna kurmin tsaunukan Asiya. Fakarar gona tana jure sara da ƙuna, har ma tana son gefen gona. Wannan kuwa sai kurmi mai duhu a kan tsauni, wajen mita 1,350 zuwa 1,900 sama da teku, kamar na Ndundulu da Nyumbanitu, inda yake tonon ruɓaɓɓen ganye yana tsintar ƙwari da tururuwa da ƙwayoyin irin tsirrai. Wanda ya tsara aiki da tunanin fakarar gona zai ɗauka dajin da aka sassare shi ma mazauni ne, ya lissafa masa fili fiye da wanda yake da shi.

Sai ƙidaya. Masu bincike kan bi layi a cikin kurmi da rana tsaka suna rubuta abin da suka gani, su dawo su ce babu. Tsuntsun ba ya tashi idan ya ji motsi. Sulalewa yake yi da ƙafa cikin ƙasa-ƙasan ciyayi tun kafin a iso. Gyaran shi ne a fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, mutum biyu kawai, a tsaya a saurara, a kuma duba wuraren da aka tone ganye da kashin da ke ƙarƙashin rassan da yake kwana, domin a kan itace yake kwana.

Kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya, mai ɗaukar hoto da kanta idan abu ya gifta, ta fi ido amfani, amma a nan ne aka fi ɓata aiki. Yawanci ana ɗaure ta daidai tsayin gada ko aladen daji, sai tsuntsun ya wuce ta ƙarƙashin idon na'urar ba ta farka ba. A sauko da ita zuwa kamar santimita 30 daga ƙasa, a daidaita ta da shimfiɗar ƙasar, domin a gangare kyamarar da ta miƙe tsaye sama take kallo. A cire ganyen da ke kaɗawa a gabanta cikin mita biyu, in ba haka ba iska za ta cika katin da hotunan banza, batir ya mutu cikin kwana kaɗan. Amma kada a share ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa: shi ne abin da ke kawo tsuntsun. Danshin kurmin ma maƙiyi ne. A sa 'yar jakar silika mai tsotse danshi a cikin akwatin kyamarar, a goge robar murfin kafin a rufe, don ƙasa ƙwaya ɗaya a bakin robar ta isa ta shigar da raɓa. A bar ta aƙalla wata guda. Wajen lissafi kuma, hotuna ashirin a cikin sa'a ɗaya a wuri ɗaya ziyara ɗaya ce, ba tsuntsu ashirin ba.

Akwai kuma masu haɗa na Udzungwa da na tsaunukan Rubeho da ke arewa a lissafi ɗaya. Masana da dama suna ɗaukar na Rubeho a matsayin jinsi dabam, kuma ko ba a yarda da haka ba, busasshen kwari ne a tsakaninsu wanda tsuntsun kurmi ba zai ƙetare ba. A ƙirga kowanne dabam.

Babban abin da ke kashe shi tarko ne. Zargen waya ko na igiya da ake ɗana wa gada da ƙananan dabbobi a kan turbarsu ba ya tambayar suna. Masu sintiri kan tsinke tarkon su jefar a wurin, su wuce. Mai tarko ya dawo ya tsinci wayarsa ya sake ɗanawa da yamma. A kwashe wayar gaba ɗaya a fito da ita, a ɗauki lambar wurin da GPS, a rubuta irin tarkon da ko sabo ne. Bayan 'yan watanni taswirar za ta nuna hanyoyin da ake shigowa. A riƙa sauya ranar sintiri. Sintirin da kowa ya san ranarsa yawo ne kawai.

Kafa gandun Udzungwa a 1992 da na Kilombero a 2007 ya sa wasu suka ɗauka aiki ya ƙare. Takarda ba ta hana wuta. Gobarar da ake cinna wa ciyawa da rani tana cin bakin kurmin kaɗan-kaɗan kowace shekara, don haka a share hanyar tsaida wuta kafin ciyawa ta bushe, kuma a yi aikin da mutanen ƙauyuka irin su Udekwa, a biya su. Su ne suka san turbobin, kuma da tarkonsu aka fara gano tsuntsun.

Dashen itacen turare a wurin da kurmi ya ƙone ba maido da kurmi ba ne. Ƙarƙashinsa fayau yake, ganyensa ba ya saurin ruɓewa, ƙwari kaɗan ne. Wurinsa kusa da gari, don a samu itacen girki. A bakin kurmi a dasa irin itatuwan wurin, ko a tsare wuta a bar shi ya tsiro da kansa.