Yadda Ake Ziyartar Sansanin Rumawa na Housesteads

Sansanin Housesteads yana arewacin Ingila, a jikin ganuwar da Sarki Hadiriyan na Rum ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122 miladiyya.

Da farko, ka hau jirgin ƙasa daga Newcastle zuwa Hexham. Daga nan ka shiga bas mai lamba AD122, amma ka duba jadawalinta tun kana masauki, domin ba kowane lokaci take tashi ba.

Ka sa takalmi mai ƙwari, ka riƙe rigar ruwa, saboda daga inda za ka sauka sai ka hau tudu ta cikin makiyayar tumaki, iskar wurin kuwa tana da sanyi ko a watan Yuli.

Bayan ka biya kuɗin shiga, ka fara da ƙaramin gidan tarihin, sannan ka shiga kangon, inda sojoji kusan 800 suka zauna. Ka dubi rumbunan hatsi, waɗanda aka ɗora daɓensu a kan ginshiƙan dutse don iska ta ratsa ta ƙasa, kada danshi ya ɓata abinci. Kada ka tafi ba ka ga makewayin sojoji na kusurwar kudu maso gabas ba, domin har yanzu magudanar ruwansa tana nan; a ganina ya fi ko'ina ban sha'awa.