Kurakuran masu koyon burodi wajen ƙara kaya a kwaɓi

Wallahi na gaji da ganin masu koyon gashin burodi suna maimaita abu ɗaya, a zuba wannan a zuba wancan a kwaɓi wai don ya yi kala, in ya fito da ɓawo kamar gawayi kuma a ce ai haka ake so. To a wannan ɓawon mai duhu ne wani sinadari da ake kira akrilamaid yake taruwa. Masu bincike a Suwidin ne suka gano shi a abinci a 2002, yana fitowa ne idan asfarajin, wani sinadari da ke cikin fulawa, ya haɗu da suga irin gulukos da furuktos a zafin da ya haura digiri 120 a ma'aunin Celsius, kuma tun 1994 IARC, hukumar binciken ciwon daji ta duniya, ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon daji.

Zuma ce ta fara koya min hankali. Wata rana aka ba ni odar burodi talatin, na ce bari in burge, na cire suga gaba ɗaya na zuba zuma, na bar obin a zafin da na saba. Minti ashirin ba su cika ba sama ya yi baƙi ƙirin, na fito da ɗaya na yanka, ciki ɗanye yana manne wa wuƙa, ɓawon kuma ɗaci, haka na yi asarar fulawa da zumar da kwastoman duka. Zuma kusan furuktos da gulukos ce zalla, a shirye suke su ƙone, sugan da muka saba sawa kuwa sai yis ya fasa shi tukuna. Yanzu in zan sa zuma rabi nake sawa, in rage wuta da digiri 15, in rufe saman da foyil a mintuna goma na ƙarshe. Wasu sun ce ɓata lokaci ne, su suka sani.

Sai gaggawa. Kai da ka kwaɓa ka ba shi rabin awa ka cusa a obin, me kake sauri? Yis yana cinye asfarajin da sugan da ke kwaɓin yayin da yake tashi, in ka katse shi ka bar wa wuta su kenan. Abin ya fi muni in ka ƙara dusa ko garin alkama da ba a cire dusarsa ba, don asfarajin ya fi yawa a can. Ban ce ka daina sa dusa ba, tana da amfaninta, ka dai ba kwaɓin lokaci. Ni a firij nake kwanar da nawa, ɗanɗanon ma ya fi.

Garin dankalin turawa yana laushi amma yana ƙara asfarajin, kaɗan ya isa. Amoniyar da ake sawa a biskit kar ta shiga burodinka, tana ƙara akrilamaid sosai. Ɗan tsami yana rage shi, in ya yi yawa kuma burodi ya fito fari fat kamar mara lafiya.

Manyan gidajen burodi suna da sinadarin asfarajines da suke sawa don ya rage asfarajin ɗin kwaɓi, Tarayyar Turai ma ta sa musu ma'aunin akrilamaid maikrogiram 50 a kowane kilo na burodin alkama a dokarta ta 2017. Mu a kicin ido ne ma'auninmu, da ya yi ruwan zinare nake cirewa in ƙwanƙwasa ƙasansa in ji ko ya gasu.